Barka Daga Bakin Ƙofa

Shekarar da muguwar mura ta shigo Bazaga, an gama yankan gero ke nan, Asma'u matar Iliyasu ta sauka, ta sami ɗa namiji. Washegari Iliyasun ya komo daga kasuwar Ƙonni jiki zau, yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Ya ce rabin 'yan kasuwa haka suke, likita kuma ya gaya masu ciwon ta tari da atishawa yake bin mutane.

Uwarsa, Goggo Saratu, ba ta nemi ƙarin bayani ba. Tana yarinya aka yi marisuwa, annobar murar da ta kwashe mata ƙanne biyu, kuma ta ga gidajen da aka fi cinkoso su suka fi fitar da gawa. Ta sa aka share wa ɗanta bukkar bayan rumbu, ta ware masa ƙwarya da ludayi, ta hana shi ko leƙa ɗakin mai jego. Sannan ta kife turmi a bakin ƙofar ta zauna.

Mata suka yi ta zuwa barka. Takan amsa, ta yi godiya, amma ba mai wuce ta. Har Gimbiya, yayar uban Asma'u, wadda ta taso tun daga Dogarawa tana sharce hanci da bakin zane. Ta ce ba ta taɓa jin inda aka hana dangi ɗaukar jininsu ba.

"Ki yi haƙuri, Gimbiya," in ji Goggo. "Ki tahi ki warke, jinjiri ba ya gudu."

Gimbiya ta juya ko ruwa ba ta sha ba.

Ranar suna a waje aka raɗa wa yaro Lurwanu. Abarshi wanzami ya zo da zabirarsa yana atishawa, Goggo ta ce aski ya jira. Gari ya ɗauka wai tsohuwa ta raina al'ada. Ta toshe kunne.

Kai wa ɗanta kunu ya sa ita ma ta kamu. Da ta tashi da sarawar kai, ta kira Umma maƙwabciya, wadda ta riga ta warke, ta bar mata ƙofar, ta ja jiki ta shige bukkar da Iliyasu ya bari bayan ya warke. Asma'u ta yi kuka za ta je jinya.

"In kika taka nan, ban yahe miki ba. Wanke hannu ki ba jinjiri nono," in ji Goggo daga cikin bukka.

An binne yara a unguwar kafin abin ya lafa, amma Lurwanu ko tari bai yi ba. Gimbiya ta riƙe fushinta har bayan Sallah. Goggo kuwa, ranar da ta iya miƙewa, a rame, ta ji gidan Abarshi duk suna kwance babu mai hura wuta. Ta dama kunun tsamiya, ta kai masu bakin zaure ta ajiye, ta yi sallama ta komo.