Sakatar Shagon Tela

A layin kowa na cewa telar nan ba ta san tsoro ba. Mai kemis yakan ba da labarin ranar da allurar keke ta huda mata farce, ta zare da kanta, ta ɗaure da ƙyalle, ta ci gaba da ɗinki. Mata kuwa cewa suke, shekara uku tana jinyar uba mai shanyewar ɓarin jiki a ɗakin bayan shago, ba wanda ya taɓa jin tsakinta.

Ran nan da hantsi ta jawo buhun ƙyallaye daga ƙarƙashin gadon Baba, sai baƙin maciji ya sulalo ta kan ƙafarta.

Ba ta san yadda aka yi ba. Ta dai tsinci kanta a bakin titi ba takalmi, hannunta a kan sakata. Ta zura ta, kamar yadda ta saba ko zare za ta fita saye. Baba yana ciki.

Mai kemis ya leƙo. "Uwar ɗinki, keken ne ya biyo ki?"

"Maciji... Baba... na kulle."

Dariyarsa ta ɗauke. Ya ƙwala wa maƙwabta kira su kawo sanduna, sannan ya sassauta murya. "Kada ki ga laifinki. Ƙafa tana riga hankali. Gadon kakannin farko ne, wanda ya tsaya tunani a gaban maciji bai bar baya ba."

Ta saurare shi. Ciki shiru. Can sai ta ji ɗan tarin nan da Baba yake yi in yana so a juya shi amma yana jin nauyin kira.

Wannan karon ma jikinta bai shawarce ta ba. Ta zare sakatar ta faɗa ciki. Macijin ya naɗe daidai ƙarƙashin shanyayyen hannun Baba da ke reto. Ta fizgi bargo ta yafa wa macijin, bargon ya yi tsalle, ta sungumi tsohon ta fito tana tuntuɓe da keke.

Masu sanduna suka shige. Mai kemis ya duba hannun, babu sara.

"Kin gani? Komawar ma gado ce," in ji shi.

Baba bai kula shi ba. Ƙofar yake kallo.

"Na ji ƙarar sakatar," ya ce, bakinsa a karkace.

Ta durƙusa a kan ƙasa, ta kama hannun da ba ya jin taɓawa.

"Ni na zura ta, Baba. Ka yafe mini."