Wa Ya Kai Wa Masu Kemis Magana?

A majalisa kowa da abin da yake faɗa a kan Sakatariyar kwamitin lafiya. Masinjoji sun ce kunnenta ya fi bakinta aiki. 'Yan jarida sun ce ba a tatsar ko kalma ɗaya daga gare ta. Direban Ciyaman ɗin kwamitin kuwa cewa ya yi ya sha ganinta tana gaisawa da shugaban masu kemis a bakin matakala.

Maganar direban ce ta tsaya wa Ciyaman a rai. Ranar jin ra'ayin jama'a kan dokar hana sayar da magani ba takardar likita, shugaban masu kemis ya miƙe ya karanto gyaran da Ciyaman ke shirin kawowa, tiryan-tiryan, sannan ya yi kaca-kaca da shi. Gyaran da ko buga shi ba a yi ba!

Tun daga nan Ciyaman ya koma sa ido. Wakiliyar likitoci ta yi wa wani ɗan adawa raɗa, ɗan adawa ya fita tare da lauyan masu kemis, lauyan ya ɗaga wa Sakatariya hannu. Duk zaren da ya ja, a teburinta yake ƙarewa. Ya rubuta takardar cire ta daga kwamitin, ya kira ta ofis.

"Malama, ke da mai kemis, dangantaka ce ko kasuwanci?"

"Gaisuwa ce, ranka ya daɗe."

"Gaisuwar ce ta kai masa gyarana?"

"A kan me ka rubuta shi?"

"A takarda mana. Da a bango zan rubuta?"

"Da yake karantawa, na hango hatiminmu a ɗaya gefen takardar."

Nan take Ciyaman ya tuna. Ƙa'idar kwamiti ce, duk ƙungiyar da ta kawo ƙorafi ta kawo kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimi a mayar mata. Ran nan yana cikin waya dabarar gyaran ta zo masa, ya juya takardar ƙorafin masu kemis da ke gabansa ya zuba gyaran a bayanta. Daga baya ya sa hannu, ya miƙa wa shugaban masu kemis da kansa, har da murmushi.

"Me ya hana ki gaya min?"

"Kwana huɗu ba ka amsa gaisuwata ba."

Takardar cire ta na nan a kan tebur, kuma ta riga ta gani. Ya yayyaga ta. Ƙofa a buɗe take, ma'aikata sun kasa kunne, bai ce a rufe ba.

"Malama, na zalunce ki. Ki yafe min."