Malama Ta Kama Sitiyari

Ranar da likita ya gaya wa Malama cewa ciwon dajin da ke huhunta ya riga ya bazu har ya taɓa ƙashin bayanta, mijinta ne ya fara zubar da hawaye. Bakanike ne, mutane na kiransa Injiniya, ƙaton mutum mai hannu kamar faranti, amma sai ga shi ya sunkuyar da kai yana share ido da gefen hula. Malama ce ta riƙa bubbuga masa kafaɗa.

"Ba za mu iya cire shi ba," in ji likita. "Amma akwai maganin da zai iya taka masa birki, ya rage gudu."

"To, a taka," in ji Malama.

Shekaru da yawa ta yi tana shugabancin makarantar firamare kafin ta yi ritaya, kuma muryarta kaɗai kan sa fili cike da yara ya yi tsit. Yanzu sai gidanta ne ya yi tsit, ba da umarninta ba. 'Yan dubiya su shigo a hankali, su zauna a bakin kujera, su yi ta kallonta kamar hoton bango. Kusan kowa sai ya tambaya, "Amma ai ba kya shan taba ko?" Autarta, wadda ta bar gidan mijinta ta dawo jinya, ta ƙwace tsintsiya, ta ƙwace wuƙar yanka albasa, har kofin shayi ba ta bari ta ɗauka da kanta.

Wata rana suna dawowa daga asibiti, Malama ta zauna tana kallon ƙafafun mijinta, yadda suke tashi suna sauka a ƙarƙashin sitiyari. Tun aurensu shi yake kai ta ko'ina, ba ta taɓa kula ba.

"Baban yara, ina so in koyi tuƙi."

Ya waiwayo, ya sake mai da ido kan hanya. "Tuƙin me?"

"Tuƙin jirgin sama. Mota mana!"

"Haba, Malama. Ina ne kike son zuwa da ban kai ki ba?"

"Ba zuwa wani wuri nake so ba. Tuƙawar nake so."

Ya ce a bari ta ji sauƙi tukuna. Ta ce sauƙin da ake jira ɗin, shi ne wannan da take ciki, ba ta san ko akwai wani a gaba ba. Har suka isa gida bai yarda ba. Auta kuwa cewa ta yi ciwon ne ya fara taɓa wa Mama tunani.

Da aka koma asibiti, Malama ta tambayi likita a gabansu duka. Ya yi murmushi ya ce muddin ba ranar ƙarin ruwan magani ba ce, kuma ba ta sha ƙwayar da ke sa barci ba, bai ga abin da zai hana ba. Washegari ta sa atamfarta mai kyau, ta sa Auta ta raka ta makarantar koyon tuƙi tana ta ƙunƙuni.

Mai makarantar wani dogon mutum ne da furfura ta fara fito masa a gemu. Yana ganinta ya miƙe zumbur, har kujera ta faɗi.

"Malama!"

Ta ƙare masa kallo. "Dogo? Kai ne mai rubutu kamar tafiyar kaza?"

"Ni ne, Malama. Har yanzu bai gyaru ba."

"To, yau ga ni a hannunka. Ka rama."

A wani fili bayan wani tsohon kamfani da aka rufe suka fara. A lokacin numfashinta ya yi ƙasa, sai da ƙaramar tukunyar iskar oksijin take fita, da siririn tiyo a hanci. Dogo ya ɗaure tukunyar da bel a kujerar baya kamar jariri. Motar ta yi ta tsalle tana mutuwa. Malama ta taka totur a maimakon birki, ta kori wasu awaki har bakin katanga. Dogo, wanda har yanzu bai iya ɗaga mata murya ba, sai dai ya riƙe ƙofa yana cewa, "Malama, don Allah, in ba damuwa, birki."

"Ka daka min tsawa mana! Haka na koya maka karatu, da don Allah?"

"Birki!" ya ƙwalla.

Motar ta tsaya cak. Suka yi dariya har tari ya sarƙe ta, ya jira ta huce, suka sake tayar da mota.

Ba kullum ake dariya ba. Akwai makonnin da magani ya kwantar da ita, ko ruwa ta sha sai ya dawo, gashinta ya zube, bayanta na sara kamar ana buga ƙusa. Wata safiya Auta ta same ta zaune a ƙasan banɗaki tana kuka. Yarinyar ta durƙusa ta rungume ta.

"Mama, na ɗauka ke ba kya jin tsoro."

"Wa ya gaya miki? Tsoro kam ina ji, har cikin hanjina. Amma in na shiga shataletale, ga babbar mota ta dama, ga mai keke ta hagu, ba ni da lokacinsa. Shi ya sa nake zuwa. Taimaka min in tashi."

Daga ranar Auta ta daina ƙunƙuni. Ita ce ma take duba ko tukunyar iska ta cika kafin a fita.

Ranar gwaji, komai ya tafi daidai har suka iso wani hawa, jami'in gwajin ya ce ta tsaya a tsakiya, sannan ta tashi. Tana sakin kuloci sai tari ya taso mata. Motar ta mutu, ta fara silalowa baya, jami'in ya yi wuf ya ja birkin hannu. Da ta samu numfashi, ta ga yana kallon tiyon hancinta da ɗankwalin da ya rufe kanta.

"Mama," ya ce a hankali, "ai kin yi ƙoƙari. Bari kawai in..."

"Tsaya, ɗana. Da lafiyayye ne ya yi abin da na yi, ya ci ko ya faɗi?"

"Ya faɗi," in ji shi.

"To, na faɗi. Ban taɓa ba yaro maki don tausayi ba, ba kuma zan karɓa ba. Zan dawo."

Da ta ba da labarin a gida, dariya take yi, amma Injiniya bai yi ba. Ya daɗe yana juya makullin motarsa a hannu. Can sai ya ce, "Wannan Dogon bai koya miki tashi a hawa da birkin hannu ba? Wane irin malami ne? Tashi mu je."

Shi ya kai ta wani hawa mai tsayi a bayan gari, ya sauka ya zagayo, ya zauna a kujerar da bai taɓa zama ba a motarsa. Ya nuna mata yadda za ta ja birkin hannu, ta yi tarinta ta gama a natse, sannan ta saurari injin har ya canza murya kafin ta saki. Suka yi ta zuwa kowace yamma da jikinta ya yarda. Wani lokaci su yi faɗa, ta ce ya cika surutu, ya ce kunnenta ne ba ya jin inji.

A gwaji na biyu, jami'in nan dai ta samu. A hawan, tarin ya sake zuwa kamar an aiko shi. Ta ja birkin hannu, ta yi tarinta, ta goge baki, ta saurara, sannan ta haye sumul. Ta yi ribas, ta yi fakin tsakanin sanduna ba ta taɓa ko ɗaya ba. Jami'in ya sa hannu a takarda, ya juyo.

"Wannan karon, Mama, ko maƙiyinki ne a kujerar nan, sai ya ba ki."

A bakin ƙofar wurin gwajin Dogo ya ɗaga hannu sama yana ihu kamar an ci ƙwallo, Auta na tsalle da tukunyar iska ta biyu a rungume. A makon ne kuma hoton ƙirji ya nuna ciwon bai ragu ba, amma bai ƙaru ba. Likita ya ce wannan ma nasara ce, Malama ta ce ta karɓa hannu bibbiyu.

Ranar da lasisi ya fito, ita ta tuƙo su daga ofishin da suka karɓo shi, mijinta a gefe. Suna shiga tsakiyar gari suka faɗa cunkoso, rana na dukan gilashi. Wani mai babur ya kutso ta gabanta, saura kaɗan ya kwashe mata madubi. Malama ta danna hon, ta sauke gilashi.

"Kai! Hanyar ta gidanku ce?"

Ya waiwayo ya ga tsohuwa da tiyo a hanci. "Mama, wa ya ba ki lasisi?"

"Da gumina na ci shi! Sau biyu na zauna gwaji, kai ko sau ɗaya ka taɓa zama?"

Direbobin da ke kusa suka fashe da dariya, wani ya tafa mata ta taga. Mai babur ya sulale ya ɓace. Malama ta jingina tana haki, fuskarta sai sheƙi take yi.

Wayar Injiniya ta yi ƙara. Auta ce, tana tambaya ko sun kusa, abinci na hucewa. Ya dubi matarsa. A gabansu hanya ta rabu, ɗaya ta nufi gida, ɗaya ta fita bayan gari. Malama ta kunna sigina ta ɓangaren bayan gari.

"Ka ce mata su ci kawai, kada su jira mu."