Sunan Jikar Dogara

Judit ta bi ƙawayenta yawon hutun Kirsimeti, ta bar gidan Dogara ana shirin suna.

Baturiya ce daga ƙasar Hangari, ma'aikaciyar jinya. Wata ƙungiyar 'yan sa kai ce ta turo ta Keffi, tana taimakawa a ƙaramin asibitin unguwa. An sauke ta a gidan Dogara a Jigwada, ɗakin da ke kusa da rumbu. Dogara manomin doya ne, dattijon coci. Ba shi da yawan magana, in ya faɗa kuma ba ya maimaitawa. Da farko bai so baƙuwar ba. Amma ta koyi durƙusawa in za ta gaishe shi, ta ci tuwo da hannu, tana kiransa Baba. Kafin damina ta fita ya fara ce mata 'yata.

Ranar Alhamis ɗin da Caroline, matar ɗansa Jonatan, ta haihu, jini ya ƙi tsayawa. Matan gida suka ce a ɗan jira. Judit ba ta jira ba. Ta fita titi ko takalmi babu, ta tare keke mai ƙafa uku, ta rungume Caroline har babban asibiti, ta ba da nata jinin. Uwa ta tashi, jaririya ta rayu.

A zuriyar Dogara kaka ne ke zaɓen suna, kuma ba a faɗa sai ranar, a kunnen fasto. Wadda aka yi wa takwara ita ke karɓar jaririya a gaban jama'a ta ɗaga ta sama. Dogara ya yanke shawara tun a ƙofar asibiti: Judit za a sa wa yarinyar. Matarsa kaɗai ya gaya wa, wadda har ta yi furfura ana kiranta Amarya, Judit kuwa Mama take ce mata. Ya sayi akuya ta biyu. Ya sa aka ɗinka wa Judit anko irin na matan gida.

Sai ga Vera da Lea da manyan jakunkuna a baya. Su ma 'yan sa kai ne, ɗaya tana koyarwa a Nasarawa, ɗaya a Akwanga. Tun zuwansu ƙasar suka yi alkawari za su yi hutun nan tare. Judit ta zo ta durƙusa.

"Baba, za mu je Jos, daga can Yankari. Sai bayan sabuwar shekara."

"Jibi suna," in ji Dogara.

"Na sani, Baba. Na bar wa Mama atamfa da sabulu na barka. Gida zai cika da mutane, ba wanda zai ma lura ba na nan." Ta yi dariya.

Maganar tana bakinsa. Ya dubi ƙawayen, suna tsaye suna ta Turancinsu suna duba waya. A ganinsa 'yar gida ba a roƙon ta ta zauna sunan gidansu. Da kanta take zama.

"Allah ya kiyaye hanya," ya ce.

Suna fita Amarya ta taso daga madafa.

"Maigida, ka gaya mata mana! Ko tasha ba su kai ba."

"Ba a faɗin suna."

"To ka ce ta zauna."

"Na ce mata jibi suna. Tana da kunne."

Ranar suna gida ya cika. Ankon Judit yana ninke a kan gadonta. Lamidi makanike, maƙwabcinsu, ya shigo yana washe baki.

"Baba Dogara, ina Baturiyarka? An ce ta tafi gaida giwaye. Ashe suna da dangantaka?"

Mutane suka kwashe da dariya. Jonatan ma ya yi, ya miƙo wayarsa don babansa ya gani. Ga su nan su uku a kan dutse, sun sha rigunan sanyi, Lea ta ɗora wa Judit hular saƙa mai kunnuwa. Dogara bai taɓa ganin fuskarta ta sake haka ba. Ya ture wayar.

Fasto ya sunkuyo ya kawo kunne. Dogara ya dubi wurin da mata ke zaune. Idan ya faɗi sunan, wa zai tashi ya karɓi yarinyar? Sai a yi ta waige-waige, Lamidi ya sami abin faɗa a gareji har shekara ta zagayo.

"Lami," ya raɗa.

Sunan rana ne, wanda kowace 'yar Alhamis ke samu ko ba a yi mata tunani ba. Amarya ta ja gyalenta ta shige ɗaki. Shi kuwa ya zauna har aka watse, naman da aka ajiye masa ya huce a kwano.

Kullum hotuna na shigowa wayar Jonatan. Yau suna wanka a ruwan ɗumi na Yankari, gobe gwaggon biri ya ƙwace wa Vera burodi. Kowane saƙo da "a gaida Baba" a ƙarshensa. Dogara ba ya tambaya. Amma in Jonatan na karanta wa mata, ba ya tashi daga wurin.

Bayan sabuwar shekara Judit ta dawo da dankalin Jos da zuma, rana ta ƙona mata hanci. Ta wanke hannu ta ɗauki jaririya.

"Lami! Suna mai daɗi."

"Da naki ne," in ji Amarya. Ba ta dubi mijinta ba. "Naki ya zaɓa. Babu mai karɓa, ya canja."

Judit ta miƙa wa Caroline yarinyar, ta zo gaban Dogara ta durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa.

"Baba, me ya sa ba ka faɗa mini ba? Da ban tafi ba. Wallahi da ban tafi ba."

Ya san gaskiya ta faɗa. Abin da ya fi ci masa rai ke nan. Ya tuna ta a titi ba takalmi.

"A wurinmu ba ma sani sai an faɗa mana," ta ce, hawaye na zuba. "A ƙara mata sunana, ko na biyu ne. In an je baftisma. Mama, ki sa baki."

"Maigida," in ji Amarya, "fasto ba zai ƙi ba."

Dogara ya jawo sandarsa ya miƙe. Bai iya kallon ko ɗayarsu ba.

"Sau ɗaya ake raɗa suna a gidan nan. Ba zan ƙara ba."