Kwanon Shinkafar Marigayi

Ranar tunawa da rasuwar surukinta, Hye-rim ta wayi gari da littattafai biyu a kicin. Na farko, wanda ta aro daga coci, ya ce girmama iyaye ba ya ƙarewa da mutuwa. Na biyu, mai kaurin, ya ce duk wanda ya zuba wa mamaci abinci ya bauta wa gunki. Marubutan duka fastoci ne, kowanne na murmushi a bangon baya.

Ita dai mai girki ce. So take ta san ko za ta zuba wa marigayi kwanonsa na shinkafa, kamar yadda al'adarsu ta tanada.

Surukarta, tsohuwa Ok-bun, ta riga ta raɗa mata cewa in ba a zuba wa mijinta ba, ita ma ba za ta ci ba. Wan mijinta kuwa, Tae-gon, mai muƙamin dikon a coci, shi ya ba ta mai kaurin, bayan ya ja layi a ƙarƙashin kowace jimla, har ba a san wacce ya fi so ba. Ya ce waƙa da addu'a kawai za a yi.

Ta zuba. Da aka rufe ido don addu'a, tsohuwa ta soke cokali a tsakiyar shinkafar, ta lallaɓa ta buɗe ƙofa kaɗan don mai kwanon ya samu hanya, wai zafi take ji. Dusar ƙanƙara na zuba a waje.

Tae-gon ya gama doguwar addu'arsa, ya buɗe ido.

"Amarya, wannan na waye?"

"Yaya, littafinka ya hana, ɗayan bai hana ba. Shinkafar ta nuna kafin in gama karatun."

Ya ce kwanon mamaci ba zai zauna a gaban dikon ba. Zubar da abinci kuma zunubi ne. Sai ya jawo kwanon ya hau ci, fuska a ɗaure, don ya nuna ba na kowa ba ne.

Tsohuwa ta zuba masa ido, hawaye na gangaro mata.

"Ashe ka tuna," ta ce. "Babban ɗa ke fara cin ragowar uba. Haka babanka ke yi wa kakanka."

Ta ɗauki cokalinta ta fara ci.

Tae-gon ya tsaya da loma a baki, ya kasa haɗiyewa, ya kasa tofarwa. Hye-rim ta dubi mijinta ko zai gaya mata abin da aka yi yanzu, ibada ko saɓo. Shi kuwa kifi yake cire wa ƙaya.