Ranar da Aka Ɗauki Amalanken Dabo

Tun daminar da ruwa ya cinye kwalbatin Rafin Gawo, mota ba ta ƙara shiga ƙauyen ba. Duk mai zuwa Ɗanbatta sai ya ratsa ruwa, ya jira mota a ƙetare. Waya kuwa, sai mutum ya hau jigawar bayan makaranta kafin ya samu sabis.

Wata Laraba da safe numfashi ya fara gagarar Inna Hure. Ɗanta Dabo, manomi mai shanun huɗa, ya hau jigawar da gudu ya kira Yahya direba. Kiran yana katsewa, da ƙyar Yahya ya gane cewa a bakin rafi zai same su. Dabo ya ɗaura wa shanun amalanke, ya shimfiɗa katifa, matarsa Aina'u ta hau ta tallafe kan tsohuwar.

Ruwa ya kai wa shanun ciki. Dabo yana gaba riƙe da igiya, yana lalube da ƙafa saboda ramuka. Da suka hau gaɓa sai ya ga fararen motoci biyu, da samari masu kyamara, da wata na'urar ɗaukar hoto tana ƙugi a sama.

Wani mai babbar riga ya taho yana murmushi. Ya ce sunansa Alhaji Zaharaddini, kamfaninsu aka ba aikin fim ɗin tallata wuraren yawon buɗe ido. Dam ɗin gabas suka zo ɗauka, sai ga amalanke cikin ruwa.

"Malam, abin nan ya yi kyau ƙwarai. Ka daure ka koma ka sake tsallakowa, amma ta can ƙasa, don kar karyayyen kwalbatin nan ya fito a hoto."

"Alhaji, mara lafiya ce a ciki. Mahaifiyata ce."

Alhajin ya leƙa. "Ayya, Allah ya ba ta lafiya. Ai ba daɗewa za a yi ba."

Dabo ya nuna da hannu. "Ga motocinku a tsaye. Ku taimaka ku miƙa mana ita asibiti."

"Motocin aiki ne, cike suke da kaya. Kuma in rana ta ɗaga, hoto ba zai yi kyau ba."

Dabo ya juya musu baya. Ya ja shanunsa inuwa, ya tsuguna yana yi wa Inna fifita da hularsa har Yahya ya iso.

Inna Hure ta yi kwanaki a gadon asibitin Ɗanbatta kafin numfashinta ya daidaita. Ranar da za a sallame su, wani ma'aikacin jinya, Abdulkabir, ya miƙo wa Dabo wayarsa.

"Malam Dabo, wannan ba kai ba ne?"

Shi ne kuwa. Ga shi tsakiyar rafi, ga shanunsa, balbelu suna tashi, an sa kiɗan garaya mai sanyi. Wata murya tana cewa a zo a ga rayuwar kwanciyar hankali, inda jama'a suka riƙe al'adar iyaye da kakanni. An yanke kwalbatin daga hoton. Amma an bar ƙafar Inna da ta leƙo daga ƙarƙashin zane, da fuskar Aina'u jiƙe da hawaye.

"Wa ya ba su izini?" in ji Dabo.

Abdulkabir ya karɓi wayarsa ya mayar aljihu.

Bayan sun koma gida, mai unguwa Muhammadu Sani ya zo duba Inna. Da zai tafi ya ja Dabo gefe, ya ce mutanen fim za su dawo da baƙi daga nesa, kuma amalankensa suke so su hau. A wanke shanun, a ɗan yi musu ado. Sunan garin ne zai fita.

"Ranka ya daɗe, ka ce su shigo da motarsu har ƙofar gidana, sai in ɗora su."

"Ai ka san mota ba ta shigowa."

"Na sani."

Ranar da baƙin suka zo, tun asuba Dabo ya loda taki ya nufi gonarsa ta nesa. Mai unguwa ya aika a kira shi, ya sake aikawa. Sai da magariba ya dawo, shanu da amalanke duk sun yi buɗu-buɗu da taki. Har aka yi girbin gero mai unguwa ba ya amsa gaisuwarsa, shi kuma bai je ba da haƙuri ba.