Birkin Moutari

Wata shida Saifullahi ya yi yana fama da zanen nan. Ɗalibin zanen gine-gine ne a wata jami'a a birnin Greensboro na Amurka, an ba shi aikin sabunta tsohon ɗakin karatu, wanda a da baƙar fata ba sa shigarsa sai ta ƙofar baya, kusa da bola. Shi kuwa ya zana ƙofofi biyu a gaba, girmansu ɗaya, da bango a tsakani. Ya haɗa ɗan samfurin ginin da kwali da gam.

Ranar da zai nuna wa kwamiti, motarsa ta ƙi tashi. Ya kira Moutari, mutumin Maraɗi mai tuƙa tasi.

"Malam Moutari, don Allah a hankali. Digirina ne a cinyata."

"Kwantar da hankalinka. Shekara goma sha ɗaya ko kaza ban taɓa bugewa ba."

Suna kan titin Gate City Boulevard sai wani kurege ya faɗo titi. Moutari ya danna birki. Samfurin ya daki gilashi, bangon tsakiya ya fita fit, ƙofofin biyu suka zama wagegen baki ɗaya.

"Innalillahi! Ka kashe ni!"

"Kuregen dai ya tsira," in ji Moutari.

Babu lokacin gyara. Haka Saifullahi ya ajiye shi gaban kwamiti, gumi na keto masa, Moutari na raɓe a bakin ƙofa.

Shugabar kwamitin, wata dattijuwar farfesa baƙar fata wadda mahaifiyarta ta yi shara a ginin, ta daɗe tana leƙen ƙofar.

"Da na ga zanenka a takarda," ta ce, "na shirya tambayarka: ƙofa biyu, wa zai bi wacce? Ashe ka gano da kanka."

Saifullahi ya ji kunya ta rufe shi. Tambayar ba ta taɓa zuwar masa ba.

"Gaskiya, Farfesa, ba ni na gano ba. Birki ne."

Da ya ba su labarin, sai da farfesar ta cire tabarau ta share hawayen dariya. Aka amince da ƙofa ɗaya.

Moutari ya nemi a rubuta sunansa a jikin ginin. Saifullahi ya sa shi a shafin godiya na kundinsa. Moutari ya ɗauki hoton shafin ya tura Maraɗi, yanzu duk unguwarsu Injiniya ake kiransa.